Sayen Gida a Amurka Bayan Karayar Arziki

A shekarar 2014, ɗan ƙarfen nan da ake ɗaurewa a kan bonet ɗin tasi mai ruwan ɗorawa a birnin Niyok, wanda shi ne izinin ɗaukar fasinja a titi, kuɗinsa ya haura dala miliyan ɗaya. Direbobi 'yan ci-rani da dama, daga Pakistan da Bangaladash da Haiti da Afirka ta Yamma, sun ci bashi sun saya, suna ganin shi ne gadon da za su bar wa 'ya'yansu. Sai motocin haya na Uber da Lyft suka cika gari. Cikin 'yan shekaru farashin ya faɗo ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar, bashin kuwa yana nan daram. Binciken da jaridar New York Times ta buga a 2019 ya nuna cewa masu wannan lamba sama da 950 sun tafi kotu sun shelanta karayar arziki. Waɗanda ba su je ba sai a Nuwamban 2021, bayan yajin cin abinci na kimanin mako biyu, suka samu yarjejeniyar da ta sauko da bashin da yawa daga cikinsu zuwa dala 170,000.

Waɗannan ba mashashata ba ne. Mutane ne masu fita da asuba su dawo da dare, kuma kusan kowannensu, da ya ɗan farfaɗo, tambaya ɗaya ke cinsa: zan ƙara samun wanda zai ba ni lamunin sayen gida? Amsar da ke yawo a majalisa da harabar masallaci ita ce sai bayan shekara goma. Wannan magana tana da asali, amma an ɗora ta a inda ba muhallinta ba. Dokar rahoton bashi ta 1970 ta ba kamfanonin da ke ajiye tarihin mabarta, wato Equifax da Experian da TransUnion, damar nuna karayar arzikin mutum har tsawon shekara goma. Tabon ne ke daɗewa haka. Ƙofar lamuni kuwa tana buɗewa tun da sauran lokaci mai yawa, wani sa'in bayan shekara biyu, wani ma bayan shekara guda. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, ƙarewar wa'adin jira ba ta ba kowa gida. Abin da mutum ya bari a rubuce cikin wannan wa'adi shi ake dubawa, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin asara.

Hanya biyu talaka ke bi a dokar karayar arziki ta Amurka. Ta farko ita ce Babi na 7. Kotu ta naɗa wakili, ya duba abin da ka mallaka, ya sayar da abin da doka ba ta kare ba, ya raba wa masu bin ka, sannan cikin wata huɗu ko makamancin haka a ba ka takardar yafiya. Yawancin masu bin wannan hanya ba su da abin sayarwa ma. Tun gyaran dokar da aka yi a 2005, sai an auna samunka da matsakaicin samun mutanen jiharka kafin a bar ka ka bi ta. Ta biyu ita ce Babi na 13, ta mai albashi ko sana'ar da ke kawo kuɗi a kai a kai: ka riƙe dukiyarka, amma ka riƙa biyan wani abu ga wakilin kotu kowane wata har shekara uku zuwa biyar, abin da ya rage a yafe. Akwai basukan da yafiya ba ta taɓa su, kamar kuɗin ciyar da 'ya'ya, da yawancin bashin karatu, da harajin shekarun baya-bayan nan.

Shari'ar na iya ƙarewa da yafiya, tana kuma iya ƙarewa da kora. Wanda ya kasa ci gaba da biya a Babi na 13, alƙali kan kori shari'arsa, basukan su dawo kansa, tabon kuma ya zauna. Fiye da rabin masu shiga Babi na 13 ba sa kaiwa ga yafiya. Don haka ranar da aka rubuta a takardar kotu, da kalmar da ke jikinta, su ne abu na farko da mai ba da lamuni zai nema. Wanda ya jefar da takardunsa don kada ya riƙa tuna baƙin ciki, zai koma kotu neman kwafi.

To wa ke yanke wa'adin? Galibi ba bankin da ka shiga ba ne. Bankunan Amurka ba su cika riƙe lamunin gida shekara talatin ba. Suna sayar da shi ga Fannie Mae, wadda aka kafa a 1938, ko Freddie Mac ta 1970, ko kuma su nemi wata hukumar gwamnati ta tsaya musu idan mai bashi ya gaza. Wanda zai ɗauki asarar shi ke gindaya sharaɗi, banki kuma ya bi.

Fannie Mae ce mai tsanani. Bayan Babi na 7 sai an jira shekara huɗu. Bayan Babi na 13, shekara biyu daga ranar yafiya, amma huɗu idan korar shari'ar aka yi. Wanda ya je kotu fiye da sau ɗaya cikin shekara bakwai, nasa biyar ne. Hukumar gidaje ta tarayya, FHA, wadda aka kafa a 1934 lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, ta fi sassauci: shekara biyu bayan yafiyar Babi na 7. Lamunin tsofaffin sojoji na VA ma shekara biyu ne, na ma'aikatar noma, USDA, mai kula da gidajen karkara, shekara uku.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne na Babi na 13. A FHA da VA da USDA, mutum na iya neman lamunin gida alhali shari'arsa ba ta ƙare ba, muddin ya yi wata goma sha biyu yana biyan wakilin kotu a kan lokaci, kuma kotu ta ba shi izini a rubuce. Hikimar a fili take. Wanda ya yi shekara yana biya ƙarƙashin idon kotu ya riga ya nuna halinsa, wanda kuwa aka share masa komai a wata huɗu bai nuna komai ba tukuna. Ina ganin wannan adalci ne, domin ya girmama wanda ya zaɓi hanya mai wuya.

Akwai tarko ga wanda ya rasa gida a cikin karayar. Ƙwace gida yana da nasa wa'adin daban, kuma ya fi tsawo: shekara bakwai a Fannie Mae, uku a FHA. A FHA lissafin kan fara ne daga ranar da gidan ya fita daga sunanka. Sau da yawa kotu ta yafe bashin gidan, mai gida ya kwashe kayansa ya tafi, banki kuma ya yi shekara biyu ko uku bai kammala karɓe gidan ba. Mutum yana can yana ƙirga kwanaki, ashe agogon bai ma fara tafiya ba. Fannie Mae ta yarda a yi amfani da wa'adin karayar arziki maimakon na ƙwace gida idan an nuna da takarda cewa bashin gidan na cikin abin da kotu ta yafe. Duk wanda ya taɓa rasa gida, ya je ofishin rajistar filaye na ƙaramar hukumarsa ya ga ranar da aka canja sunan kafin ya fara mafarkin wani.

Ana rage wa'adin Babi na 7 ga mai uzuri: Fannie Mae ta sauko daga huɗu zuwa biyu, FHA daga biyu zuwa ɗaya. Sai dai uzurin da suke nufi ƙunci gare shi. Abu ne da ya faɗo wa mutum sau ɗaya, ba da hannunsa ba, kamar doguwar jinya ko mutuwar mai ciyar da gida, kuma sai an kawo takardun asibiti ko na wurin aiki da suka dace da ranakun. Cin bashi fiye da ƙima ba uzuri ba ne. Bai kamata kowa ya gina shirinsa a kan wannan ƙofa ba.

Wani sabon abu da ya shafi baƙi kai tsaye: tun watan Mayun 2025, FHA ta daina tsaya wa waɗanda ba su da izinin zama na dindindin. Mai takardar aiki ta wucin gadi, ƙofar da ta fi sauƙi ta rufe masa.

Yanzu a ce wa'adi ya cika. Duk abin da aka samu shi ne damar miƙa takardu. Banki na da ikon ƙara nasa sharaɗi a kan na hukuma, kuma da yawa suna ƙarawa. FHA ta ce mai makin kiredit 580 zai iya ba da kafin alƙalami na kashi 3.5 cikin ɗari, mai maki 500 zuwa 579 kuma kashi 10, amma bankuna da yawa ba sa sauraron wanda bai kai 620 ko 640 ba. Shi ya sa idan banki ɗaya ya ce a'a, ba a gama magana ba. A tambaye shi, wannan ƙa'idar hukuma ce ko taku ce?

Makin nan, wanda ake kira FICO, yana tsakanin 300 da 850. Kashi 35 cikin ɗari nasa daga biya a kan lokaci yake fitowa, kashi 30 daga yawan abin da ake bin ka idan an gwada da abin da aka yarda ka ci. Sauran ya rabu tsakanin daɗewar tarihi, da sabon bashi, da ire-iren basukan. Mai ba da lamunin gida kan ɗauko maki daga kamfanonin uku, ya yi aiki da na tsakiya.

A nan ne halinmu ke cin mu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutum ya fito daga kotu ya rantse shi da bashi har abada: ya yanke katuna, ya koma biyan komai da tsabar kuɗi, ya kama ɗaki a hannun ɗan'uwa yana miƙa masa haya hannu da hannu. A idonmu wannan mutum ya shiryu, kuma gaskiya ne ya shiryu. A idon mai tantance takardu kuwa, abu na ƙarshe da aka sani game da shi shi ne ranar da ya gaza. Shekara biyu na riƙon amana sun wuce ba su bar shaida ba. Fannie Mae ma ta faɗa ƙarara cewa sai an ga mutum ya sake gina tarihinsa bayan karayar.

Gyaran ba ya buƙatar bashi mai yawa. Akwai katin da ake bayarwa a kan ajiya: ka ajiye dala 300 ko 500 a banki, a ba ka kati mai iyakar wannan kuɗi, ka riƙa sayen man mota da shi, ka biya duka kafin ranar biya. Wanda ke biyan duka kowane wata ba a ɗora masa kuɗin ruwa, ga shi kuma ana rubuta masa shaida. Haya a biya ta da cak ko ta banki, yadda za a ga wata goma sha biyu a jere, domin tun 2021 na'urar tantancewa ta Fannie Mae na iya lissafa biyan haya daga bayanan asusun banki. Latti ɗaya bayan yafiya ya fi latti biyar kafinta muni, saboda yana nuna ciwon bai warke ba.

Sannan a duba rahoton kansa. Doka ta ba kowa damar karɓarsa kyauta daga kamfanonin uku. Kowane bashin da kotu ta yafe ya kamata ya nuna sifili. Ba sabon abu ba ne a ga tsohon bashi yana nan kamar ana bin sa, yana ta jan maki ƙasa. A rubuta ƙorafi, a haɗa da kwafin takardar yafiya, doka ta ba su kimanin kwana talatin su bincika. Wannan aiki ne da mutum zai yi da kansa. Masu tallan za su goge maka karayar arziki idan ka biya su, ba su da ikon goge gaskiya, kuma dokar 1996 ta hana su karɓar kuɗi kafin su yi aikin. Akwai masu ba da shawara kan gidaje da ma'aikatar gidaje ta Amurka, HUD, ta amince da su, a kyauta ko a kuɗi kaɗan.

Bari mu leƙa teburin mai tantancewa. Gabanta akwai bayanin asusun wata biyu, da takardun haraji na shekara biyu, da biro. Tana bin layi ɗaya bayan ɗaya. Albashi ya shigo, haya ta fita, wuta ta fita. Sai ga dala 8,000 ta faɗo a tsakiyar wata, babu suna, babu bayani. Ta zagaye ta. A ƙa'idar Fannie Mae, duk kuɗin da ya shigo lokaci guda ya haura rabin samun wata, sai an nuna inda ya fito, in ba haka ba a cire shi daga lissafi. Mai asusun ya san kuɗin halal ne, kwasar adashi ce da ya yi wata goma yana zubi. To ina littafin? Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, FHA da Fannie Mae duka sun yarda da kuɗin irin wannan ƙungiyar tara kuɗi, idan akwai takardar da ta nuna tun yaushe ake yi, da zubin da mutum ya yi, da ranar da ya kwasa. Uwar adashi mai littafi tsaf, ko mai susu kamar yadda mutanen zangon Gana da ke unguwar Bronx a Niyok ke kira, tana iya zama sanadin gidan wani. Kyautar ɗan'uwa ma ana karɓa, da wasiƙar da ke cewa ba rance ba ne.

Takardun harajin su ne ramin direbobi da 'yan kasuwa. Mai aikin kansa, da abin da ya rage bayan ya cire kuɗaɗen aiki ake auna shi. Wanda ya yi shekara biyu yana matse samunsa a takarda don harajinsa ya yi sauƙi, ya faɗa wa gwamnati shi talaka ne, banki kuma zai gaskata shi. Wanda ke niyyar sayen gida bayan shekara biyu, tun daga harajin bana shirin ke farawa. Fom ɗin neman lamuni kuma yana tambaya kai tsaye ko ka shelanta karayar arziki cikin shekara bakwai da suka wuce. Ƙarya a wurin laifi ne a dokar tarayya, kuma ba ta da amfani, tunda bayanan kotu a buɗe suke.

Akwai masu ba da lamuni da ba sa sayar wa Fannie Mae, ba sa kuma neman hukuma ta tsaya musu. Waɗannan suna iya ba ka washegarin yafiya. Suna neman kafin alƙalami mai kauri, sau da yawa kashi 20 ko fiye, da ruwa mai tsada. A ɗauki misali: lamunin dala 300,000 na shekara talatin. A kan ruwa kashi 6.5, biyan wata ya kama dala 1,896. A kan kashi 8.5, ya kama 2,307. Bambancin ya haura dala 400 a kowane wata, kusan 5,000 a shekara, kafin a zo ga haraji da inshora. Dillali zai ce ka karɓa yanzu, in maki ya gyaru ka sauya lamunin. Sauyawar tana da nata kuɗin, kuma ta dogara ga darajar gidan da yanayin kasuwa, abubuwan da babu wanda ke da iko a kansu. Mutumin da bashi ya kayar jiya, ban ga dalilin da zai sa ya ɗauki mafi tsadar bashi a kasuwa yau ba.

Ita ma FHA ba kyauta take ba. Ana biyan inshora kashi 1.75 tun farko, wato dala 5,250 a kan wancan lamuni, sannan kusan kashi 0.55 kowace shekara. Wanda ya ba da ƙasa da kashi 10 na kafin alƙalami, inshorar na bin sa har ƙarshen lamunin sai in ya sauya shi. Duk da haka, ga mai iyali da haya ke cinye rabin albashinsa, hanya ce mai kyau, kuma don irinsa aka yi ta.

Musulmi da yawa za su ce duk wannan magana ta ruwa ce, ba ta shafe su ba. Akwai kamfanoni a Amurka masu sayar da gida ta hanyar haɗin gwiwa ko murabaha ko ijara, irin su Guidance Residential da UIF da bankin Devon na Shikago. Hukumar kula da bankunan ƙasa ta halatta ijara a 1997, murabaha a 1999, Freddie Mac kuma ta fara zuba kuɗi a irin waɗannan yarjejeniyoyi a 2001. Wannan na ƙarshen shi ne abin lura. Tunda kuɗin da yawansu daga Freddie Mac ko Fannie Mae yake fitowa, awon da ake yi wa mai nema iri ɗaya ne: maki, da samu, da wa'adin jira, kuma wa'adin mai tsawon ne ba na FHA ba. Wanda ke gudun riba ya fi kowa buƙatar tarihi mai tsabta, kuma ya shirya jiran shekara huɗu idan ta Babi na 7 ya bi.

Akwai kuma nauyin zuciya. Mu mun tashi da sanin cewa bashi ba ya faɗuwa don kotu ta ce ya faɗi, musamman na mutumin da ya ba ka don ya yarda da kai. Dokar Amurka ba ta hana ka biya ba. Ta hana mai bin ka ya matsa maka bayan yafiya, amma ta bar maka damar biyan wanda ka ga dama da son ranka. Inda ake kuskure shi ne kafin zuwa kotu. Wanda ya yi sauri ya biya ƙaninsa ko surukinsa, wakilin kotu na da ikon ƙwato kuɗin idan an biya cikin shekara guda kafin shigar da shari'a, sai ka jawo wa wanda kake son karewa ƙara. A bari sai bayan yafiya, a biya a natse.

Abu na ƙarshe da banki ke aunawa shi ne kason samunka da bashi ke cinyewa. A tantancewar hannu ta FHA, mizanin asali shi ne kada kuɗin gida ya wuce kashi 31 na samun wata, duka basuka kuma kada su wuce 43. Wannan awo bai san kuɗin da ake aikawa Kumasi ko Maraɗi ko Kano kowane wata ba. Bai san kuɗin makarantar 'ya'yan marigayi yaya ba, bai san maganin tsohuwa ba, bai san tsohon bashin aboki da ka ɗauki alkawarin biya ba, domin babu ɗayansu a rahoton kiredit. Idan banki ya ce ka cancanci gidan dala 400,000, lissafin mutumin da ba ya ciyar da kowa a ƙetaren teku ya yi. Mai aika dala 500 gida duk wata ya cire ta daga samunsa tun kafin ya zauna da dillali, ya ware ajiyar biyan wata uku zuwa shida da ba za a taɓa ta wajen kafin alƙalami ba, sannan ya nemi gidan da ragowar za ta ɗauka. Wanda aka yafe wa a Babi na 7 ba zai sake samun irin wannan yafiya ba sai bayan shekara takwas daga ranar da ya shigar da shari'ar farko, kuma masu ba da bashi sun san da haka sarai lokacin da suke turo masa tayi.